Hannun Da Baba Bai Ɗaga Ba

Rahinatu ba ta iya jin ana kuskure a gabanta ta yi shiru ba, kuma wannan hali ne ya jawo mata miji.

Ranar da ta sauka a tashar Gaya daga Yamai, da takardar lisansinta, wato digirinta, ta karatun shari'a a cikin jaka, ta tarar da direbobi wajen mai shayi suna musu kan yadda ake sauya kundin tsarin mulkin ƙasa. Wani dogo mai baƙin mai har gwiwar hannu yana ta rantsuwa cewa shugaba ne kawai ke sa hannu a wuce wurin.

"Malam, ba haka ba ne," ta ce. "Sai majalisa ta amince da rinjaye mai yawa, ko a kai wa jama'a su jefa ƙuri'a."

Dogon ya juyo, kofin shayi ya tsaya masa tsakanin hannu da baki.

"Babu wata hanyar kuma?"

"Akwai wadda malamanmu ke faɗa, wai al'ada da aikin yau da gobe kan sauya doka ba tare da an taɓa rubutun ba. Ni dai ban ɗauke ta hanya ba, ta bayan gida ce."

"To ni na sha kaye. Sunana Harouna, kamiyo nake ja, babbar motar kaya. A ba ni lamba, in na sake kuskure a gyara mini."

Ta harare shi, amma ta bayar. Kafin wata biyu ta zama "Alƙaliyata", shi kuma "Dogona".

Sai dai Rahinatu 'yar Mumuni ce, masunci a bakin kogi, kuma ƙungiyar masuntan unguwarsu tana da kundinta na gidaje talatin. Aya ta tara ta ce duk wanda ya aurar da 'yarsa ga wanda ba ɗan ƙungiya ba, wurin sunsa ya koma hannun ƙungiya. Wurin sun Mumuni kuwa shi ne tuwon gidan, shi ne ma ya yi mata karatu.

Da ta kai maganar, uban bai ko ɗago daga gyaran tarunsa ba.

"Ɗan tudu ne. Takarda ta hana."

"Baba, shi ke nan?"

"Abin da zan iya faɗa ke nan."

Wata yarinyar da sai ta shiga ɗaki ta yi kuka. Rahinatu kuwa aron kundin ta yi, ta karance shi tas, ta gano aya ta ƙarshe: ana iya soke kowace aya idan huɗu cikin biyar na masu gidaje suka ɗaga hannu. Ashirin da huɗu ke nan. Nan take ta tura saƙo.

"Dogona, na samo ƙofa. Ka bar mini komai."

"Alƙaliyata, ina tsoron kada a ce mun raina manya. Ko in turo kawuna ya durƙusa?"

"Durƙuso ba ya goge rubutu. Ka yarda da ni."

Mako uku tana bin gidaje da gaisuwa da bayani. Safiyanu, ɗan masunta da ya daɗe yana zuwa zance tana ba shi uzurin karatu, shi ma yana bin bayanta gida gida yana cewa 'yar lakwal, wato 'yar boko, za ta sayar da kogi ga direbobi. Duk da haka ta haɗa ashirin da uku. Da hannun Baba, ya cika cif.

Ranar taro aka zauna ƙarƙashin mangwaro bayan la'asar. Tsoho Hama, shugaban ƙungiya, ya ce masu son a soke aya ta tara su ɗaga hannu. Rahinatu na tsaye a gefen mata tana ƙirgawa da leɓe. Ashirin da ɗaya, da biyu, da uku. Ta juya wajen ubanta da murmushi.

Hannuwan Mumuni biyu suna kan gwiwoyinsa.

Ta zaci bai ji ba. Ta zura masa ido har idon ya kawo ruwa. Shi kuwa ƙasa yake kallo.

"Ashirin da uku," in ji Hama. "Aya tana nan."

Inna lillahi! Da Safiyanu ne ya kayar da ita da ta ji da sauƙi, amma mahaifinta, a gaban kowa? Ba ta san yadda ta isa gida ba. Wayarta ta yi ƙara, saƙon Harouna ne ya shigo.

"Na ji labari. Kada ki yi fushi da Baba. Ba zan so a raba shi da abincinsa saboda ni ba. In haƙuri ne, zan yi, ko da zai kashe ni."

Wannan saƙon ne ya fasa mata kukan. Mahaifiyarta Aisata ta shigo, ta zauna a bakin gado, ta bar ta ta yi mai isarta.

"Kin gama? To tashi ki ji. Ubanki ɗan ina ne?"

"Ɗan nan mana, Inna."

"Ɗan Karakara ne. Manomi. Ranar da ya fara ganina bai san gaban kwalekwale da bayansa ba."

Rahinatu ta miƙe zumbur, baki buɗe.

"Baba? Baban da ake kira in ruwa ya ci mutum?"

"Shi fa. Kuma a lokacin ayar nan tana nan daram. Filafilin tuƙa kwalekwale ya roƙa. Saurayin da ba ɗan ruwa ba yakan zo da kansa ya durƙusa gaban uban yarinya ya ce a ba shi filafili. Uban ya shiga kwalekwale ya naɗe hannu, saurayin ya kai shi tsibiri ya dawo da shi. In sun dawo, uban ya ce ɗansa ne, ya zama ɗan ƙungiya. Aya ba ta hau kansa ba."

"Amma ba a rubuta wannan a ko'ina ba!"

"Wa zai rubuta abin da kowa ya sani? Ke ce dai kika tafi lakwal tun kina ƙarama."

"To me ya hana Baba ya faɗa mini?"

"Uba ba ya tayi, sai an roƙa. Ni ma ya hana ni magana, wai yana so ya ga ko yaron zai tambayi hanya da kansa. Ke kuma kika tare ƙofar da takardunki. Ayar nan ita ke hana masu kuɗi su auri kogin nan su kore mu. Kina so ya rushe wa gidaje talatin katanga don ki wuce ke kaɗai?"

Kunya ta rufe Rahinatu har ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ga lisansi a jaka, ga kuma Inna da ko aji ɗaya ba ta yi ba tana karanta mata darasin da ta raina. Sai wani abu ya faɗo mata a rai.

"Inna, Harouna bai iya iyo ba."

"Ubanki ma bai iya ba."

Ta rubuta masa komai, ta ƙare da cewa: "Ruwa ya cika, Dogona. In ka ce ba za ka iya ba, wallahi ba zan ga laifinka ba."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar: "Gobe da hantsi. Ki gaya wa Baba ina tafe."

Washegari bakin kogi ya cika. Harouna ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Mumuni, ya roƙi filafili. Safiyanu ya yi tsalle ya shiga tsakani.

"Wannan ba ya cikin kundi! A nuna mini ayar!"

Tsoho Hama ya dube shi sama da ƙasa.

"Yaro, kakanka da fartanya a kafaɗa ya zo daga Zabori. Ni na riƙe masa kwalekwale ya shiga. In mun bi rubutu kaɗai, kai ma ɗan tudu ne."

Dariya ta ɓarke. Safiyanu ya ja da baya.

Mumuni ya shiga, ya zauna, ya naɗe hannu. Harouna ya tura. Mutumin da ke juya kamiyo mai taya goma sha takwas a lungu, sai ga ɗan kwalekwale yana wasa da shi. Suka yi juyi biyu a wuri ɗaya. A tsakiya igiyar ruwa ta kwashe su ta yi ƙasa da su, gefe ɗaya ya karkata har ruwa ya shiga. Mata suka sa salati. Rahinatu ta damƙe hannun Inna, ta ga mutum biyun da ta fi so a duniya cikin katako guda, kuma wanda ya iya ruwan ya ƙi motsa ko yatsa.

Harouna ya dafe, ya daina faɗa da ruwan, ya bi shi a karkace. Suka taɓa tsibiri can ƙasa da inda aka saba. Dawowar ta fi tafiyar daɗewa.

Da ƙyar hancin kwalekwalen ya daki yashi. Harouna ya fito, ya zube a gwiwa, tafin hannunsa duk ya saɓule. Mumuni ya sauko, wandonsa sharkaf, ya kama hannun nan mai jini ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Jama'a, ku shaida. Wannan ɗana ne."

Guɗa ta tashi. Rahinatu ta ratsa mutane ta durƙusa a gabansa tana kuka.

"Baba, ka yafe mini."

"Tashi, uwata. Kin yi karatu, kuma ban yi asara ba. Saura ki riƙa tambaya."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Direbobi suka jera kamiyo suna ta danna oda, masunta suka kawo kifin da ya ishi unguwa biyu. Da za a kai amarya, Mumuni ya dafa kan su biyun, ya ce:

"Na ba ka raina a tsakiyar ruwa ka dawo da shi. Ga wanda ya fi shi, ka riƙe. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka."

Duk gidan aka amsa da amin.