Tulun da Ya Matse Saiwa

A wani zamani an yi wata maginiyar tukwane mai saurin fushi. Tana da wata shuka mai son inuwa, ganyenta tsefe-tsefe kamar gashin tsuntsu. A ɗaki take ajiye ta, cikin wani tulu mai siririn wuya da ta fi alfahari da shi a duk aikin hannunta.

Wata shekara ganyen ya fara bushewa. Matar ta ƙara ruwa, ta yi faɗa, ganye bai daina bushewa ba. Ta matsar da tulun bakin taga, ta yi faɗa, ganye bai daina bushewa ba.

Yayarta ta zo ta duba, ta ce, "Tulun ya yi mata kaɗan. Sabuwar ƙasa take so, kuma ba za ta fito ba sai kin fasa shi."

"In fasa? Yaya, kwana bakwai na yi ina zanen tulun nan! Saboda ciyawa?"

"To, ci gaba da faɗa. Ƙila ta ji tsoronki ta yi kore."

Matar ta cafki shukar ta fizga. Ganye uku suka tsinke a hannunta, saiwar ko motsi. Ta tsaya tana huci tana kallonsu. Can ta ɗauko dutse, ta ƙwanƙwasa tulun a hankali har ya rabe. Sai ga saiwa a nannaɗe, ƙasar da ta rage ba ta kai cikin cokali ba.

Ta huda wani faffaɗan kasko, ta jera tsingaron tulun a ƙasansa, ta zuba sabuwar ƙasa da taki, ta dasa.

Bayan mako uku sabon ganye ya ɓullo. Yayarta ta buɗe baki za ta yi magana.

"Kada ki ce komai, Yaya," in ji matar, tana zuba ruwa.