Kifin Fari a Hanyar Maradun

Labbo ne ya fara kawo maganar tsohon. Suna zaune su uku a bayan rumfar wani mai faci a Talata Mafara, la'asar ta yi amma rana ba ta sassauta ba. Ya zana hanyar Maradun a ƙasa da tsinke, ya nuna kwanar da ke gangarawa kusa da ruwan Bakolori, ya ce nan motar dillalan zinare take rage gudu ranar Talata da safe. Tare motar ba wuya. Wuyar ita ce wucewa da bindigogi ta shingen 'yan sanda, da kwana kusa da wurin ba tare da wani ya yi tambaya ba.

"Kai Ɗantala, tsohonka ba masunci ba ne?"

Ɗantala, direbansu, ya ce awo, amma a bar tsohonsa daga cikin wannan magana.

"Wa za ya taɓa shi? Yawon kamun kifi za mu kai shi. Mota da koma da gorunan hawa ruwa, ga farin gemu a gaba, wane ɗan sanda za ya ɗaga buhu? Yana tsakiyar ruwa za mu gama. Ka bi da mu ta bakin ruwa har inda babura ke jira, ka dawo mai kamar ka je sayen sukari."

Nagode, na ukunsu, wanda bai cika magana ba, ya tofar da tsinken bakinsa ya ce harka ta yi.

Ɗantala bai ƙara gardama ba. A wurin irin su Labbo, wannan amincewa ce.

Masu karin magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ya fara faɗin haka, ko bai haihu ba, ko bai daɗe a duniya ba. Malam Manu na Damri, uban Ɗantala, ya tsufa a kan goran kamun kifi, ya san ruwa kamar tsakar gidansa. Ɗansa ɗaya tilo kuwa tun yana saurayi ya ce ƙarnin kifi ba nasa ba ne, ya bi mota, ya koma zuwa gida sai da salla, daga baya sallar ma ta gagara.

Shi ya sa ranar Litinin da a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, Ɗantala ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ya zo ne su je Bakolori kamun kifi shi da abokansa biyu masu son koyo, sai tsohon ya miƙe. Ya shiga ɗaki. Ya daɗe. Da ya fito yana rungume da goruna biyu, nasa da wani da ya sha ɗinki a wuya.

"Naka ne. Kowace shekara ina shafa mai mai."

Matarsa Altine ta ƙulla musu fura da ƙuli-ƙuli. Ta kalli Labbo, ta kalli takalmansa, ta kalli ɗanta. Ta buɗe baki, sai ta ga mijinta yana ɗaura koma a mota yana 'yar waƙa kamar yaro. Ta rufe bakin. Ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Hanya ta yi zafi. Bazara ce sosai, kwalta tana walƙiya, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu. Manu bai ji ba. Tun daga Bakura yake nuna wa ɗansa wurare: ga fadamar da suka taɓa kama tarwaɗa da hannu, ga inda Ɗantala ya faɗa laka har wuya yana kiran inna. Labbo da Nagode suna baya, zaune a kan buhun da ya ɓoye bindigogi uku.

Bayan Mafara suka iske shinge. Sufeto Mukhtar ya leƙo, ya ga tsoho, ya cire hula. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da iyali da zafi. Manu ya dafa kafaɗar direba ya ce wanga ɗana ne, ya dawo ga sana'ar ubansa. Sufeto ya ce madalla, idan an dawo kada a manta da su. Ya ɗaga hannu aka janye itace.

Ba wanda ya ɗaga buhu.

Suka sauka daga kwalta suka yi zango a bakin ruwa, inda ba gida ba gona, sai tsakuwa da busasshiyar laka da ta tsattsage. Suka kafa tamfol a jikin mota. Manu ya jera duwatsu uku, ya dafa shayi, ya ja su sallar magariba. Labbo ya bi sahu yana danne dariya. Bayan an ci abinci tsohon ya zauna yana gyaran koma, yana koya wa Nagode ƙulli, har ya ce yaron yana da hannu. Ya juya ga ɗansa ya ce da ma ya san ruwa ba ya sakin nasa, ko an daɗe. Ɗantala ya ce hayaƙi ya shiga idonsa, ya tashi ya koma bayan mota.

Da gari ya waye Manu ya hau gora. Ɗantala ya ce ya yi gaba, su za su leƙa ƙauye neman sukari su biyo shi. Ya tsaya yana kallo har tsohon ya zama ɗigo a kan ruwa. Ya san ubansa: idan ya shiga, sai rana ta take yake fitowa.

Abu ɗaya ya manta. A gidansu, tun kaka da kakanni, kifin fari ba na mai kamawa ba ne. Duk wanda ya sauka sabon ruwa, abin da komarsa ta fara kamawa sai ya fito da shi nan take, ya hau hanya, ya miƙa wa baƙon da ya fara wucewa. Da kansa Ɗantala ya sha kai irin wannan sadaka yana yaro. Shekarun mota sun shafe ta daga kansa.

Kuma ranar ruwa ya yi wa Manu kyauta da wuri. Giwan ruwa, mai tsawon hannu.

A kwana, su ukun sun naɗe fuska da rawani, sun kwanta a bayan duwatsu. Mota tana ɓoye a gangare, makulli a aljihun Ɗantala. Can suka ji ƙugin inji daga wajen Maradun.

"Ga ta nan. Kowa ya shirya," in ji Labbo.

Sai ga mutum ya hauro kwalta daga bakin ruwa, can gaba da su, wandonsa a jiƙe, ya ɗaga kifi sama da hannu biyu.

Balarabe, direban dillalan, ɗan bakin ruwa ne, ya san abin da hakan ke nufi. Fasinjojinsa suka ce kada ya tsaya, ya ce ba a ƙin sadakar masunci. Ya taka birki nesa da kwanar. Ya sauke gilashi yana murmushi.

Labbo ya ga mota ta tsaya inda bai shirya ba. Ya ga tsoho yana magana da direba.

"Shege, tona mu yake yi!"

Ɗantala ya yi ihu, "Oga, a'a — sadaka ce! Sada—"

Labbo ya riga ya danna kunama. Tau! Tau-tau-tau!

Gilashin gaba ya tarwatse. Balarabe ya sunkuya, ya sa giyar baya — tayoyi suka yi ƙara, mota ta juya, ta fece. Wani fasinja yana salati, wani yana kiran 'yan sanda a waya. Ƙura ta lafa. A kan kwalta saura mutum ɗaya da kifi ɗaya.

Ɗantala ya yar da bindiga. Yana gudu yana warware rawani, ya jefar da shi a ciyawa. Ya faɗi a gwiwa, ya ɗago kan tsohon. Jini ta ƙirji, ta gefen ciki.

Manu ya buɗe ido, ya gane shi, ya riƙe rigarsa da ƙarfin da ya rage.

"Ɗantala... mi ya kawo ka nan? Gudu. 'Yan fashi ne a hanyar. Ka gaya wa abokanka su ɓoye."

"Baba, yi shiru, asibiti za mu."

Labbo ya iso yana haki, ya ce a kawo makulli. Ɗantala ya ce a ɗauki tsohon a kai shi Mafara tukuna, ya roƙe shi da Allah, ya roƙe shi da Annabi. Bakin bindiga ya sauka a bayan kunnensa. Nagode ya sa hannu a aljihunsa ya zare makullin, bai yarda sun haɗa ido ba. Idon Manu ya riga ya rufe, bai ga wannan ba.

Suka bar su a rana.

Tsohon ya ƙara magana sau ɗaya. Ya tambaya ko mai motar ya karɓi kifin. Ɗantala ya kalli kifin a kan kwalta, ƙuda sun fara sauka, ya ce ya karɓa, Baba, har ya yi godiya. Manu ya ce alhamdu lillahi. Daga nan bai ƙara ba.

Da motar 'yan sanda ta iso, Sufeto Mukhtar ya sauko, ya ga farin gemun da ya cire wa hula jiya. Ya juya ga Ɗantala. Ɗantala bai jira tambaya ba. Ya miƙa hannuwansa biyu, ya ce su uku ne, shi ne na ukun, bindigarsa tana bayan duwatsu. Ya ce sauran sun bi bakin ruwa, kuma ba za su yi nisa ba, domin lakar bazara samanta ne kawai ya bushe, shi kaɗai ya san inda take ɗaukar mota.

Haka aka yi. An iske a-kori-kura ta nutse har ƙofa. Labbo ya tura Nagode gaba ya ce ya tare 'yan sanda, shi kuma ya zura cikin ruwa. Nagode ya harba sau biyu — aka mayar masa, ya kife a laka. Labbo bai iya iyo ba. Masunta ne suka jawo shi da koma, yana aman ruwa yana rantsuwa cewa Ɗantala ne ya shirya komai.

Ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wataƙila. Mutanen da ke motar Balarabe duk sun kwana a gidajensu, kuma kifin Manu ne ya tsayar da su nesa da kwanar. Amma wanda ya ɗaga kifin an binne shi a Damri kafin la'asar, Nagode an kai shi gida a tabarma, biyu suna tsare suna jiran alƙali. Mai iya lissafin alheri ya lissafa wannan.

Balarabe ya koma wurin da yamma, ya ɗauki kifin duk da ya fara lalacewa. Ya ce an ba shi, bai kai ga karɓa ba.

Bayan sadakar bakwai Altine ta aika ƙanenta inda ake tsare da ɗanta. Ba ta aika da abinci ba, ba ta aika da zagi ba. Tambaya ɗaya ta ba shi: shin Malam ya sani kafin ya cika?

Ɗantala ya ce bai sani ba. Ya ce har ƙarshe cewa yake ya gudu kada 'yan fashi su same shi.

Da aka kawo mata amsa tana zaune a ɗakin takaba, ta gyaɗa kai.

"To, madalla. Shi ya tafi da ɗansa. Ni aka bar wa wanda na haifa."

Goran Manu masunta sun kawo shi gida. Ɗayan, mai ɗinki a wuya, an same shi a zango ƙarƙashin tamfol, yana ƙyallin mai, ko ruwa bai taɓa ba.