'Yar Tela da Jan Biro

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, 'yar wani tela. Tana da kai, wannan babu musu. Tana kuma da jan biro guda, wanda ba wanda ya aike ta ta saya. 'Yan aji suna kiranta Alƙaliya, ita kuwa daɗin sunan take ji.

Wata Juma'a Malama ta ba su gwajin lissafi, tambaya goma. Ta ce mutum uku da suka fi maki su ne za su je gasar makarantu. Alƙaliya ta daɗe tana mafarkin gasar nan. Har ta zaɓi safar da za ta sa.

Da aka gama, Malama ta ce, "Kowa ya musanya littafi da maƙwabcinsa. Zan karanto amsa, ku duba."

Maƙwabciyar Alƙaliya wata yarinya ce da ake kira Shiru, don ba ta cika magana ba. Alƙaliya ta buɗe littafin Shiru. Ta ɗaya daidai. Ta biyu daidai. Har ta goma, duk daidai! Sai ta murtuke fuska, ta cire murfin jan biro.

Malama ta zo karɓar maki. "Shiru nawa ta ci?"

"Huɗu," in ji Alƙaliya.

Malama ta duba littafin. "Ai amsoshin nan daidai suke."

"Amsa kaɗai ce aiki, Malama? Dubi tabon maiƙo. Dubi rubutu kamar kaza ta bi ta kan takarda. Kuma wa ya sani ko satar amsa ta yi? Tun safe hannunta yana ƙarƙashin tebur."

Shiru ta sunkuyar da kai.

"Kin ga ta sata?" in ji Malama.

"Ban gani ba, amma na sani."

"Za ki janye maganar?"

Alƙaliya ta miƙe, ta harɗe hannu a ƙirji. "Ba zan janye ba."

"To, madalla. Ga alli. Rubuta mana dokokinki a allo, mu ma mu ƙaru."

Alƙaliya ta fito tana taku ɗai-ɗai, ta rubuta. Tabo, a rage biyu. Karkataccen rubutu, a rage biyu. Kowace gogewa, a rage ɗaya. Rashin jan layi, a rage ɗaya.

Malama ta ce, "Dokoki masu kyau. Shiru, miƙo min littafinta."

Tara Alƙaliya ta ci. Amma ga ɗigon tawada a gefe. Ga gogewa har wuri uku. Layin ƙarshe kuwa ta manta da shi, don tana saurin riga kowa gamawa.

"Tara, a cire shida," in ji Malama. "'Yan aji, saura nawa?"

"Uku!"

"Wannan ba adalci ba ne!" Alƙaliya ta buga ƙafa a ƙasa. "Ai sauri nake yi!"

"Ban ga dokar sauri a allo ba. Ran Litinin zan kira sunayen masu zuwa gasa."

Da aka tashi, Alƙaliya ta wuce shagon babanta tana huci. Ta same shi a kan keken ɗinki, tef a wuya, yana gyara gashin bakinsa a madubin masu gwada kaya. Ta kwashe labari duka ta faɗa masa.

Baba ya dafe ƙirji. "'Yata? Uku? 'Yar telan da ba a taɓa dawo masa da wando ba? Kai, an ci mutuncina!"

"Gobe ma ba zan janye ba, Baba."

"Kada ki janye! Amma taimake ni tukuna, tunda Allah ya ba ki ido. Wani ya kawo min aikinsa, wai in duba."

Ya jawo aljihun tebur, ya zaro wani ɗan hankici. Bakinsa a karkace, zare ya yi cunkus a kusurwa.

Alƙaliya ta riƙe shi da yatsa biyu. "Wannan ɗinki ne? Sifili! A ƙwace allurar mai shi. Malalaci ne, daga gani."

"Haka kika yanke?"

"Haka na yanke."

"Juya bayansa."

Ta juya. Ga wani ɗan fure da koren zare, ganye ɗaya ya fi sauran girma. Ita ce ta ɗinka masa tana 'yar shekara shida.

"Kwana uku kika yi a kansa," in ji Baba. "Kin soke yatsa sau biyar, ni na ƙirga. Ni da nake sarkin almakashi, shekara biyar ina ɓoye wannan abin kunya a aljihun tebur. Ko an ba ni sabon keke ba zan bayar da shi ba. Yau kuma mai shi ta ba shi sifili. Dubi irin wahalar da nake sha a gidan nan!"

"Ai ban san nawa ba ne," ta faɗa a hankali.

"Shi ke nan fa. Da kin sani, da kin tuna da yatsan. Ke ɗinkin kawai kika gani, ni kuwa na ga mai ɗinkin." Ya ajiye almakashi. "Ubangiji Yesu bai ɗora mu a kujerar shari'a ba, 'yata. Ya gargaɗe mu cewa yadda muka yi wa mutane hukunci, haka za a yi mana. Idonmu a waje yake tsayawa. Allah kaɗai ke ganin ciki, kuma duk da abin da yake gani, yana yafe mana. Kin tambayi yarinyar nan abin da ya sami hannunta?"

Ranar Lahadi a coci ma, hannun Shiru ne kawai a ran Alƙaliya.

Ran Litinin ta riga kowa zuwa aji. Da Shiru ta shigo, ta ce, "Don Allah, nuna min hannunki."

Shiru ta miƙa shi a hankali. Yatsu biyu a naɗe da bandeji.

"Ruwan zafi ne ya zubo min," in ji ta. "Maiƙon nan maganin ƙuna ne. Ban so a yi ta kallona."

Da Malama ta zo, Alƙaliya ta miƙe, ta harɗe hannu kamar ran Juma'a. 'Yan aji suka fara ƙus-ƙus.

"Ku yi dariyarku, sai na faɗa!" in ji ta. "Malama, Shiru goma ta ci. Ba ta saci komai ba. Ni ce na yi mata ƙage. Shiru, ki yafe min. Ko ban je gasa ba, ita ta je."

Malama ta ɗauki littafin Alƙaliya, ta ba Shiru. "Dokokinta suna nan a allo. Ke za ki duba. Nawa ta ci?"

Shiru ta dubi allo. Ta dubi ɗigon tawadar. Ta ce, "Tara, Malama."

Alƙaliya ta ɗauki tsumma, ta goge allon tas. Su biyun duka suka shiga cikin masu zuwa gasa.

Da yamma ta kai wa Baba jan biron. Ya juya shi, ya yi tsaki. "Yanzu ni aka mayar ma'ajin kayan laifi?" Ya jefa shi aljihun tebur, kusa da hankicin.

Yara, kada ku yi saurin yanke wa kowa hukunci. Ba ku san abin da ke ƙarƙashin teburinsa ba. Ku fara duba littafinku, ku yi tambaya, ku ji tausayi, kamar yadda Allah yake jin tausayinku.