Turbon Tifa a Motar Kefas

Na rantse da Allah ba za ku yarda ba. Ni ne na sa ƙaramar mota ta yi tsalle a Zuru.

Na bar makaranta tun ina aji biyu na sakandare. Na ce wa malamai kaina ya cika, babu wurin ƙari. Sai na koma garejin Kawu Ɗanjuma. A can ma ban bar tsiya ba. Ni ne mai zuba gishiri a shayin direbobi.

Akwai wani saurayi, Kefas, ɗan Baba Sila tsohon soja. Yana da tsohuwar mota ja da ya gyara don gudu. Amma babban burinsa shiga soja. Kullum da safe yana gudu da ƙafa, domin ranar gwajin ɗaukar sojoji ta kusa.

Wata rana ya kawo motar a sa mata turbo. Turbo wani ƙarfe ne mai kama da katantanwa. Hayaƙin inji ke juya shi, shi kuma ya hura wa inji iska, ƙarfi ya ƙaru.

Kawu ya ɗauko wani ƙarami, ya ce, "Wanga shi ne daidai da injinka."

Na yi dariya. "Kawu, wannan ai na keken ɗinki ne! Ga na tifa can a kwance, kamar tukunyar biki."

"Rufe min baki," in ji Kawu. "Ƙaramin inji ba ya da hayaƙin juya babba. Za ka taka totur ka ji shiru. Can sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya, kamar harbin jaki. Ka ji ni?"

"Na ji, Kawu."

Ban ji komai ba.

Kawu ya ɗaura ƙaramin, ya tafi Ribah gaisuwar rasuwa. Yana ba da baya na ɗauki sifana. Na kwance nasa. Na jawo na tifa, na yanka bututu, na yi walda, na cusa shi da ƙarfi. Da ƙyar bonet ya rufu.

Na wuce wurin mai shayi ina taƙama. "Ku saurara gobe. Motar Kefas za ta wuce jirgin sama. Aikin hannuna ne, Kawu bai sani ba."

Washegari Kefas ya zo da murna.

"Ƙanena, an gama?"

"An gama, yaya. Sai dai ka riƙe hularka."

Ya hau hanyar bayan gari, mu yara muna binsa da gudu. Motar tana tafiya kamar mai ciwon ciki. Ya leƙo ta taga.

"Kai, me ya same ta? Babu ƙarfi!"

"Taka sosai, yaya! Tsoro kake ji? Haka za ka yi sojan?"

Yara suka kwashe da dariya. Kefas ya ɗaure fuska, ya danne totur har ƙasa.

Shiru. Shiru. Sai wani fito mai tsini ya tashi daga cikin inji. Motar ta zabura daidai kwanar hanya. Tayoyin baya suka zame. Ta haye kunyar gona, ta tashi sama, ta daki dutse.

Dariya ta mutu.

Mutane suka fito daga gonaki da gudu. Aka ɓalle ƙofa aka jawo Kefas. Bai yi kuka ba. Yana kallon ƙafarsa ta dama kawai, ta lanƙwashe inda ƙafa ba ta lanƙwashewa.

"Ƙafata," yake cewa. "Ƙafata."

Ni kuwa na sulale. Na shige cikin wata matacciyar bas a bayan gareji, na kwanta ƙarƙashin kujera. Na shirya ƙaryata tsaf. Zan ce birki ne ya tsinke.

Da la'asar na ji muryar Kawu.

"Fito."

Na fito. Baba Sila na tsaye kusa da shi, rigarsa da jinin ɗansa. Turbon tifa yana ajiye a ƙasa tsakaninsu.

"Kawu, birki ne ya..."

"Mai shayi ya faɗa. Direbobi sun faɗa. Kai da bakinka ka yi shela." Kawu ya nuna turbon. "Mi na ce maka game da wanga ƙarfe?"

"Ka ce ya yi wa injin girma."

"To don mi?"

"Don a ce na iya."

Na jira mari. Baba Sila bai ɗaga hannu ba.

"Likita ya ce ƙafar za ta warke," in ji shi. "Mun gode wa Allah. Amma gwajin bana ya wuce shi. Sai baɗi."

Hawaye suka zubo mini. Wannan karon ba na ƙarya ba ne.

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe, ɗana. Amma dawa ba ta san yafiya ba. Kefas ke nome mini gona. Yanzu wa zai yi?"

Kawu ya shiga shago ya fito da fartanya. Ya miƙa mini.

"Har a girbe," ya ce. "In ka taso, ka biya asibiti ka kai masa abinci, ka dubi idonsa."

Yara, kada ku taɓa aikin da ba ku sani ba don a yaba muku. In babba ya hana ku abu, ku tsaya ku ji dalili. Wani ne zai iya jin ciwon wautarku.

Na karɓi fartanyar. Wallahi ta fi turbon tifa nauyi.