Rabin Cokalin Ardis

Da hantsi Ardis Tveit ta buga waya ofishin 'yan sanda, ta ce an sace bindigar marigayi mijinta. Da Sufeto Brekke ya isa gidan gonar, sai ga bindiga rataye a bango tana ƙyalli.

"Mama Ardis, ai ga ta nan."

"Ba ita ba ce," in ji tsohuwar.

Ɗanta Lyle ya ja Sufeto gefe. "Ka gani ko? Jiya ma a kabad ɗin kwanuka ta ajiye madara. Na riga na samo mata wuri a gidan tsofaffi. Wannan kuwa ya gama cire mini shakka."

Abin ya sosa wa Brekke rai, don tun yana yaro yake cin biredin matar nan. In rahotonsa ya ce babu abin da ya ɓata, to, shi da hannunsa ya fitar da ita daga gidanta.

Ya sauko da bindigar. Tsohuwar ƙira ce ta harbin agwagwa, irin wadda ake jan katakon ƙasa a tura kafin kowane harbi. Odell, mijin Ardis, ya tsufa yana ratsa fadama da tasa, amma wannan ko inda tafin hannu ke kamawa bai koɗe ba.

"Kin san lambarta?"

"Ina ruwana da lamba? Cokalina na sani."

Ta jawo durowa ta ɗauko kan cokalin katako, ba mariƙi. Doka ta hana maharbin agwagwa loda harsashi fiye da uku, don haka ake cusa guntun itace a ma'ajiyar harsashi ya cike sauran wurin. A shekarar aurensu Odell ya rasa itace da safiyar farauta, sai ya karya mata cokalin miya, ya cusa mariƙin a bindigar.

"Mako guda ban yi masa magana ba," ta ce, tana murmushi.

Brekke ya juya ga Lyle. "Wa ya taɓa sauke bindigar nan?"

"Babu kowa."

"To wannan jan zaren da ke ɗaure kusa da kunamarta fa? Shagon Vern Kuhlman kaɗai ke ɗaura irinsa."

Lyle ya sunkuyar da kai. Shi ya kai ta a ɓoye a yi mata kuɗi, don hidimar gidan tsofaffin. Ta kwana biyu a shagon, sannan Vern ya dawo da ita, ya ce an taɓa sake mata fenti, ba ta da wata daraja. Lyle kuwa bai taɓa harbin ko kurciya ba, duk bindigogi ɗaya ne a idonsa.

Su uku suka shiga mota, suka nufi shagon Vern.

Vern mutum ne mai son a tambaye shi, Brekke kuwa ya san haka. "Vern, koya mini. Yaya ake yi wa tsohuwar bindiga kuɗi?"

"Sufeto, tsufanta ne kuɗinta! Wawa ne ke goge ta. Ka sake mata fenti, ka kankare katakon, ka kashe ta ke nan. Mu a sana'ar nan ko noti ɗaya ba ma juyawa."

Brekke ya nuna wata bindiga. "Kamar waccan ta cikin gilashi?"

Ƙirarsu ɗaya da ta bangon Ardis, sai dai wannan ta yi fari-fari a gefen dama, inda hannu ya cinye ta.

"Wannan a gwanjo na samo ta, can jihar Montana. Ta ninka ta su Lyle sau goma."

"Ka buɗe cikinta?"

"Allah ya kiyaye!"

"To ara mini sukudireba."

Fuskar Vern ta sauya. "Za ka zubar mata da daraja, Sufeto."

"Ka kai ƙarata."

Brekke ya kwance notin a hankali, ya karkata bakin ma'ajiyar. Guntun itace ya zamo ya faɗo kan teburin shagon, baƙi ƙirin da mai. Ardis ta buɗe jakarta, ta ɗora kan cokalinta kusa da shi. Karayar ta haɗu tsaf, kamar jiya aka yi ta.

Vern ya zauna a kan akwatin harsashi. "Ina ganinta na san ba zan sake ganin irinta ba. Yaron bai san abin da ya riƙo ba, uwar kuma ya ce mini ta ruɗe. Na ce wa zai gane in na musanya ta?" Ya share goshi. "Da na buɗe ta sau ɗaya..."

"Da ka karya dokar sana'arka," in ji Brekke. "Tashi mu je."

Ya sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya waiwaya. Lyle na tsaye ya rasa inda zai sa idonsa, uwar kuma tana shafa wurin da ya koɗe a jikin bindigar da yatsunta.

"Mama..." in ji Lyle.

"Madarar kam na sa ta a kabad, ban musa ba," ta ce. "Amma hannun ubanka, Lyle, ban manta da shi ba. Ɗauko ta, ka kai ni gidana."