Manjan Kaka da Jaka Mai Ƙyalli

Akwai wata yarinya a Kafanchan, 'yar aji shida. Ba zan faɗi sunanta ba. In na faɗa za ta yi fushi, ita kuwa fushi ba ya yi mata wuya. Ko ƙuda ne ya faɗa a kokonta, sai ta yini tana hararar mutanen gida.

Amma akwai ta da gudu. Duk makarantarsu babu mai kama ta. A makarantar an raba yara gida-gida, kowane gida da launin rigarsa. Ita tana gidan masu farar riga. Malama Afiniki, mai koyar da wasanni, ta zaɓe ta ta zama ta ƙarshe a gudun miƙa sanda. Ba abin da yarinyar take so a duniya kamar wannan gudun.

Ana nan sai tsohuwar jakarta ta yage. Ranar Asabar mamanta ta kai ta kasuwa.

A hanya Mama ta ce, "Ki ji ni da kyau. Jaka ɗaya zan saya maki. Shi za ki kai makaranta, shi za ki kai fili wurin gudu, shi za ki ɗauka in za mu Godogodo wurin Kaka. Ki buɗe ido ki zaɓa."

"Na ji," in ji yarinyar. Ba ta ji komai ba. Tun daga gida ta riga ta zaɓa a ranta. Tana son jaka mai ƙyalli, irin ta ƙawarta Zikora.

Suka tsaya a rumfar Malam Mijinyawa, wani dattijo mai sayar da jakunkunan goyo. Suka gaisa da Mama, ta gaya masa abin da suke nema. Ya sa sanda ya sauko da wata jaka ruwan toka.

"'Yata, duba wannan," ya ce. "Hannuwanta masu faɗi ne, an sa soso a ciki. Nan wurin littattafai. Nan ƙasa wurin kambas, takalmin gudun ki, ba ya haɗuwa da komai. Ga aljihun gefe, nan gorar ruwa take tsayawa."

Daga nan ya jawo wani rabin bulo daga ƙarƙashin tebur. Haka yake yi wa kowa. Sai ya sa bulon a jaka, ka goya, ka je ƙarshen layi ka dawo. In kafaɗarka ba ta yi ciwo ba, sai a yi ciniki.

Yarinyar ta ja da baya, ta turo baki.

"Ni zan goya bulo a kasuwa? Allah ya kiyaye! Kuma wannan jakan kamar na mai gyaran rediyo. Wancan nake so."

Ta nuna wata can sama, ruwan hoda, tana ta walƙiya. Cikinta ɗaya ne, babu aljihu ko guda. Hannuwanta sirara ne kamar igiyar takalmi.

Malam Mijinyawa ya yi murmushi. "Wannan ta zuwa biki ce, 'yata. Ba ta ɗaukar wahala."

"Shi nake so!"

"Ki gwada na farkon tukuna," in ji Mama.

"Ba zan gwada ba! Kullum abin da ba na so shi ake saya mani!"

Ta buga ƙafa a ƙasa. Ta cika ta yi fam. Masu rumfunan kusa suka fara leƙowa. Ran Mama ya ɓaci ƙwarai, don ba ta son a yi mata rashin kunya a gaban mutane.

"Malam, sauko mata da shi," ta ce. Ta juya wurin 'yarta. "Ke kika zaɓa. Kada ki kawo mani kuka."

Ranar Litinin yarinyar ta shiga makaranta tana taku ɗai-ɗai. Yara suka kewaye ta suna taɓa jakar. Daɗi ya kama ta.

Daɗin bai daɗe ba. Bayan an tashi daga gudu, ba ta da inda za ta sa kambas sai kan littattafai. Jar ƙasa ta ɓata littafin lissafi. Siraran hannuwan nan kuma suka riƙa cin kafaɗarta. Kafin ta kai gida sai ta ji kamar an yanke ta.

Kuna tsammani ta ce laifin jakar ne? Ina! Ta ce littattafan bana sun cika nauyi. Ta ce hanyar gidansu ta cika nisa. Har ƙanenta Asher ya sha tsawa, don kawai ya tambaye ta me ya sa take tafiya a karkace.

Ranar Juma'a, bayan gudu, Malama Afiniki ta raba rigunan gasa. Farare ne tas, kowace da lamba a ƙirji.

"Rigunan nan na makaranta ne," ta ce. "Gasa ranar Alhamis ne. Duk wanda ya ɓata nashi, ba zai shiga fili ba. Zikora tana nan tana jira, in wani ya fita ita za ta shiga."

Yarinyar ta naɗe tata ta tura a jaka. Daga fili ta wuce tasha, inda Mama da Asher suke jiran ta. Suka hau mota zuwa Godogodo.

Kaka ta yi murna da ganin su. Yarinyar ta ciro rigar ta nuna mata. Kaka ta shafa lambar, ta ɗaga hannu sama.

"Ubangiji ya ba ƙafan ki ƙarfi, jika na!"

Ranar Lahadi bayan sujada a coci, suka yi shirin komawa. Kaka ta fito da tsaraba. A gidansu ba a ƙin kyautar Kaka, ba a kuma cewa ta yi nauyi. Mama ta ɗauki doya da ƙullin citta. Asher ya rungumi kaza. Yarinyar kuwa aka miƙo mata manja a cikin robar lemo. Kaka ta sa leda a bakin robar kafin ta murɗa murfin.

"A tsaye ake riƙe shi," in ji Kaka. "Kada ki kwantar."

"Ki riƙe a hannu," in ji Mama, "tunda jakan ki ba shi da wurin gora."

Wannan maganar ta ƙona mata rai. Ta karɓi robar da yatsu biyu, ta haɗe fuska. Ko sallamar kirki ba ta yi wa Kaka ba.

A mota ta riƙe manjan a kan cinyarta tana ta tsaki. Da suka kusa Kafanchan sai wani tunani ya zo mata. 'Yan ajinsu da yawa suna zuwa tasha ranar Lahadi. In suka gan ta da jaka mai ƙyalli a baya, ga robar manja a hannu, ai ta shiga uku. Gobe duk makaranta za a riƙa kiran ta mai manja.

Ta saci kallon Mama. Mama tana gyangyaɗi. Ta buɗe jakar a hankali. Robar ta ƙi shiga a tsaye, sai ta kwantar da ita a kan farar rigar. Ta danna, ta ja zif da ƙyar.

Motar ta tsaya. Yarinyar ta goya jakar, ta yi tsalle ta diro. Sai ta ji ɓas! Hannun jakar ɗaya ya tsinke. Jakar ta zame ta bugi ƙasa da ƙarfi.

Ta ɗauka da sauri, ta rungume ta. Kafin su kai gida ta ji wani abu mai santsi yana bin yatsunta.

A tsakar gida ta buɗe. Murfin robar ya fita. Manja ya bi ko'ina. Farar rigar nan ta koma ja, har lambar ba a gani sosai.

Yarinyar ta kurma ihu.

"Laifin Kaka ne! Me ya sa ta ba ni manja? Laifin direban nan ne, mai gudu kamar mahaukaci! Kuma tsohon nan na kasuwa ya sayar mana da ruɓaɓɓen jaka! Kai kuma Asher, me kake kallo?"

Ta yi jifa da jakar. Kazar Kaka ta firgita ta haye katanga.

Mama ta ajiye doya. Ita ma ranta a ɓace yake, amma ba ta ɗaga murya ba. Ta jira har yarinyar ta gaji da ihu.

"Kin gama?"

Yarinyar tana huci.

"Wa ya zaɓi jakan nan?"

Yarinyar ta kau da kai.

"Wa aka ce ya gwada, ya ƙi? Wa aka ce ya riƙe manja a tsaye?"

Yarinyar ta duba Kaka a ranta, ta duba direba, ta duba Malam Mijinyawa. Ta rasa wanda za ta ɗora wa. Saura mutum ɗaya kawai.

"Ni ce," ta ce a hankali. Sai hawaye suka zubo. Yanzu haushin kanta take ji, kuma ya fi duk sauran zafi.

Da safe Mama ta sa ta kai rigar a leda zuwa makaranta da hannunta. Malama Afiniki ta buɗe ledar, ta zaro ido.

"Me na gaya maku ranar Juma'a? Me na ce?"

"Ki yi haƙuri, Malama. Laifi na ne."

Malama ta daɗe tana faɗa. Daga ƙarshe ta ce, "Tunda ba ki yi mani ƙarya ba, na ba ki zuwa Alhamis. In bai yi fari ba, Zikora za ta gudu."

A waje Zikora ta tare ta, ta riƙe baki.

"Abeg, don Allah, ke kin sa manja a irin jakan nan? Ni nawa littafi biyu kawai yake ɗauka fa. Kambas na a leda nake kawowa. In za mu tafiya, jakan yaya na nake ara."

Yarinyar ta kalli ledar da ke hannun Zikora. Ashe ƙyallin kawai ta gani, ba ta taɓa lura da ledar ba.

Da ta koma gida ta zuba ruwa a baho, ta kama rigar da cuɗa. Tana cuɗawa tana cije haƙora.

"Za ki yaga shi," in ji Mama. "Manja ba ya fita da ƙarfi. Kawo ruwan zafi. Ki goga sabulu sosai, kada ki ɗauraye. Ki shanya shi haka a rana. In ya bushe ki wanke, ki sake."

"Har sau nawa?"

"Har ya fita."

Haka ta riƙa yi. Da safe kafin ta tafi makaranta ta goga sabulu ta shanya. In ta dawo ta wanke ta sake shanyawa. Asher ya zauna kusa da rigar da 'yar sanda, yana korar kaji da akuyar maƙwabta. Ba wanda ya sa shi. Da ta gan shi cikin rana yana zufa, kunya ta kama ta.

"Asher, na gode. Ka yafe mani tsawan da na yi maka."

"Ki ci gudun kawai," ya ce.

Jan ya koma ruwan ɗorawa. Ruwan ɗorawan ya riƙa dushewa. Ranar Alhamis da safe, saura ɗan tabo kaɗan a ƙasan lambar.

A bakin fili Malama Afiniki ta ɗaga rigar sama ta duba gaba, ta duba baya. Sannan ta duba hannuwan yarinyar, ta ga yadda sabulu ya cinye yatsun.

"Sa rigan ki, ki shiga layi," ta ce.

Lokacin da sandar ta iso hannunta, masu jar riga suna gaba. Ta zuba gudu. Ta ji muryar Zikora da ta Asher suna kiran sunanta. Dab da layi ta wuce ta gabanta. Masu farar riga suka ɗauke ta sama suna ihu.

Amma jaka fa ta mutu. Mama kuma ba ta canja magana ba. Har ƙarshen zangon, a leda yarinyar take kai littattafanta. Wasu yara suka yi ta tsokanar ta. Sau da yawa fushi ya taso mata har wuya, sai ta tuna tabon nan ta haɗiye.

Da aka yi hutu, Mama ta ce ta shirya su je kasuwa. Yarinyar ta ɗauki kambas ɗinta da littattafai. Ta ɗauki robar manjan nan, wadda ta wanke ta cika da ruwa.

A rumfar ta durƙusa ta gai da Malam Mijinyawa.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da na yi ranan nan. Ina bulon ka?"

Dattijon ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya sauko da jaka ruwan toka. Ta sa kambas a ƙasa, littattafai a wurinsu, bulo a tsakiya. Ta tsayar da robar a aljihun gefe. Ta goya, ta je ƙarshen layi ta dawo. Ta yi tsalle. Ta ja zif, ta sake ja. Ko ɗigon ruwa bai zuba ba.

"Wannan nake so," ta ce.

"Na mai gyaran rediyo?" in ji Mama.

"Shi ɗin."

A hanyar gida Mama ta tambaye ta abin da ta koya.

"In zan zaɓi abu, in duba aikin da zai yi mani, ba ƙyallin shi ba. In gwada kafin in ɗauka. Kuma in ina fushi, kada in zaɓi komai sai na huce."

Jaka mai ƙyalli kuwa tana nan rataye a kicin, an zuba cittar Kaka a ciki. Har yau tana warin manja.