Bitil Ɗin Zulkifilu

"Fitar min da ita daga mota, Farida."

Farida ta ɗago ta dubi Zayyad. Kakarta Hajo ce ta yi amai a kujerar baya, zazzaɓi ya ci ƙarfinta. Ga su tsakanin Taba da Makarfi, rana ta take, babu inuwa sai gonakin rake.

"Asibiti fa za mu kai ta, Zayyad..."

"Kin san kuɗin kujerar nan kuwa? Fata ce zalla. Dubi ƙazantar da tsohuwar nan ta yi min."

Ya toshe hanci, ya fizgi mayafin Hajo ya hau goge kujera da shi.

Farida ta bi shi da kallo. Sanyin motar da ƙamshin turarenta suka koma mata kamar warin masai. Saboda wannan mutumin ta rabu da Zulkifilu, mai sayar da mazarƙwaila, wanda ya gaji tsohuwar Bitil daga mahaifinsa. Yayarta Samira ce ta yi ta zuga ta: wai ga mota mai esi da gilashi mai duhu, ita kuma ta maƙale wa kunkuru mai inji a baya, ƙofa ɗaure da waya. Har Farida ta ce wa Zulkifilu ƙyanƙyamin motarsa take yi.

Ta kama kakarta suka fito. Ta zare zoben da Zayyad ya ba ta, ta jefa cikin aman.

"Haɗa da shi ka goge."

Ya ja motarsa ya bar su a titi.

Ta kira lambar Zulkifilu da ta daɗe ba ta kira ba. Ba a jima ba ta jiyo ƙarar Bitil ɗin tun daga nesa, kamar injin niƙa. Zulkifilu bai tambayi komai ba. Ya cire rigarsa ta sama ya shimfiɗa a baya, ya ɗauki Hajo cak ya kwantar.

"Sannu Inna, yanzu za mu isa."

"Za ta iya ƙara yin amai," in ji Farida, kanta a ƙasa.

"To sai me? Ba ruwa a garin ne?"

Hawaye suka zubo mata.

"Ka yafe min, masoyina. Na ci mutuncinka a kan ƙarfe."

Ya murza makulli. Motar ta yi tari ta mutu. Sai a lokacin ya dube ta, murmushi na neman ƙwace masa.

"Na yafe, Faridata. Amma sai kin tura."

Ta cire takalmanta ta ɗaure zani, ta dafa bayan Bitil mai zafi ta tura har ta tashi.

Hajo ta warke. Ita da kanta ta tsawata wa Samira, ta kira iyayen Zulkifilu, aka ɗaura aure bayan an sare rake.